Yatsu Biyu

Yatsu biyu! Wallahi iyakar abin ke nan. Haɗa manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ka dubi kaurinsu, to shi ne ya raba ni da rigimar da na yi wata guda ina fama da ita a tsakar gidana a unguwar Yantala ta Yamai. Har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni, ni da takardun boko cike da akwati, sai ga tsohuwar da ko agogo ba ta dubawa ta kashe maganar kafin shayi ya tafasa.

A watan Afrilu abin ya faro. Wanda ya taɓa yin bazara a Yamai ba sai an ba shi labari ba: zafi ya haura digiri 40, kogin Isa ya janye har ka riƙa hango yashi daga saman gadar Kenedi, wuta ta ɗauke, kowa ya ja tabarma gindin dogon yaro. Ran nan na dawo daga aiki na iske wani ɗan mitsitsin tsuntsu ja a bakin famfo, baki a buɗe, fukafukai a sake, yana jiran ɗigon da ke faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Baiwar Allah ce, wadda muka tashi ana hana mu jifa. Na tsaya cik. Ban taɓa kallonta kusa haka ba, ashe jan nan jawur namijin ne, da wani siririn zobe rawaya kewaye da ido, da ƴan ɗigogi farare a gefen ƙirji kamar an barbaɗa gishiri. Matar tana gefe, ruwan ƙasa, ja kaɗan a gaban ido da gindin wutsiya. Kowannensu bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa wajen giram 9, ƙwayar sukari biyu ke nan ta shayi.

Nan take na ɗauko kasko na cika da ruwa, na sa maiɗakina ta ba ni tsakin hatsi a murfin kwano. Kwana biyu ina cikin daɗi. Suka zo su shida, suka zama goma sha, ga wasu shuɗɗa masu doguwar wutsiya, mazansu da jan tabo a kumatu, ga gwara tana ta iyayi. Har makara na yi wajen aiki saboda kallo.

Rana ta uku kurciya ta sauka. Ban damu ba, kurciya ai ƴar gida ce. Kashegari sai ga hasbiya guda biyu da jan idonsu kamar waɗanda suka kwana a tasha, daga nan tantabarun maƙwabcina suka ji labari, kai, kafin sati ya zagayo tsakar gidana ta koma kasuwar Wadata. Hasbiya ɗaya ta haura giram 300, wato ta ninka baiwar Allah fiye da sau 30, kuma ba ta tsince-tsince, haɗiya take ta tara a jakar wuyanta. Abin da ƙananan za su wuni suna ci, minti biyar ya ishe ta. Ruwan ma haka: gwara takan ɗebi ɗigo ta ɗaga kai sama, su kuwa dangin tantabara tsoma baki suke su zuƙa kamar jaki, ba ɗagowa. In sun ƙoshi su shiga kaskon da ƙafa. Sannan babban yaya hankaka ya iso da busasshen burodi ko wani ƙashi da ya tsinto a bola, ya jiƙa a ciki, ruwan ya koma abin da ko kallo ba ka son yi. Su kuwa waɗanda na yi abin dominsu suna can kan katanga a jere, sun zuba ido.

Me ban gwada ba? Na yi kora da tafi. Na rataya tsofaffin faya-fayan CD, suka yi kwana ɗaya suna tsoro, kashegari hasbiya na tsaye ƙarƙashinsu tana gyaran gashi. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, ƙananan ne kawai suka gudu. Ɗana ya kawo shawarar danƙo, na ce kul. Na ɗaure murfin da igiya a reshen dogon yaro, ashe baiwar Allah a ƙasa take kiwo, ba ta ko kalle shi ba, kurciya ta dira a kai ya kife, tsakin ya watse, aka yi walima. Cikin dare na shiga intanet, na ga mutanen Ingila da Amurka sun daɗe da wannan ciwon kai, har da masana'antu a kansa: akwai mazubin da ke cikin keji, akwai mai sifirin da ke rufe kansa in abu mai nauyi ya hau. Na duba kuɗin, na lissafa da sefa, na kashe wayar na kwanta.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga Dogon Dutsi ganin jikoki. Da sassafe ta fito alwala ta same ni da tsintsiya ina bin tantabara.

"Kai ɗan nan, lafiya? Tsere kake da mai fiffike?"

Na kwashe labari na gaya mata. Ko dariya ba ta yi ba. Ta dubi maiɗakina ta ce, "Ke ƴar nan, ba ki da tsohon kwando?" Aka kawo wani wanda bakinsa ya fara zarewa. Ta sa yara suka tsinto ɓallin bulo huɗu. Ta ajiye murfin tsakin da ƙaramin kasko a ƙasa, ta kifa kwandon a kai, ta ɗora bakinsa bisa ɓallayen, sannan ta durƙusa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta zura yatsu biyu tsakanin bakin kwando da ƙasa. Wani gefen ya yi tsawo, ta tona ƙasa kaɗan ta nutsar da bulon. Ta sake aunawa. Ta ɗora dutse a sama.

"Haka muke wa ƴan tsaki. In ba haka ba zakara da uwarsu su cinye, su bar su da kuka. Ja da baya, ka cika tsayuwa a kan abu."

Ƴan tsaki! Tare muke da su tun ina yaro, ban taɓa tsayawa na lura da su ba: ƴaƴan kaji masu cin tsaki, waɗanda matan karkara suka san yadda ake ware musu rabonsu tun kaka da kakanni.

Muka zauna a tabarma. Hasbiya ta fara isowa, ta zagaya kwandon sau uku tana wannan gunjin nata, ta leƙa, ta zura wuya, ƙirji ya tokare. Ta hau sama, dutse ya hana shi motsi. Kurciya ta gwada, ta kwantar da kai, ta fasa. Zuciyata kuwa sai bugawa take, don tsorona ɗaya ne: wane tsuntsu ne zai yarda ya shiga ƙarƙashin abin da ya yi kama da tarko? Minti goma, ba kowa. Minti ashirin. Shayina ya huce a hannu. Sai ga jan nan ya diro daga katanga, tsalle ɗaya, biyu, ya karkata kai ya dubi duhun, ya shige abinsa kamar ɗakin uwarsa! Matar ta bi. Wallahi sai da na miƙe tsaye, Gwaggo ta jawo ni ta riga. Ta ramukan saƙar kwandon kana hango su suna ci a natse, hasbiya na waje taku ɗaya tsakaninsu, ba yadda ta iya.

Daga baya na gane dalilin da ya sa bai ji tsoro ba. Baiwar Allah tsuntsuwar ɗaki ce tun asali. A jinkar bukka take sheƙa, ko ramin katanga, ko bayan tukunya a madafa, ta shimfiɗe ciki da gashin kaji. Duhun kwando ba baƙonta ba ne. Faransawa ma da sunan Senegal suke kiranta, kuma a can garin Rishar Tol, bakin kogin Senegal, wata masaniya Marie-Yvonne Morel ta yi shekaru tana bin rayuwarta a cikin gidajen mutane, ta fitar da bincikenta a 1973. Ni dai a ganina wannan zaman tare ne ke neman kufce mata a Yamai. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan 1 ya koma kwano da siminti, an daɓe tsakar gida, turmi ya ba injin niƙa wuri, babu sussuka babu shiƙa balle ƙwaya ta faɗi. Hasbiya kuwa gaba ta kai ta, don ita tsuntsuwar duwatsu ce, kowane sabon bene wani dutse ne aka gina mata kyauta.

Da yake ɗan boko ba ya barin abu yadda ya same shi, bayan kwana biyu na ce bari in ƙara musu iska, na ɗaga kwandon zuwa yatsu uku. Kafin azahar wata kurciya ta lallaɓa ta kwanta ta shige, ta ci ta ƙoshi, ta rasa hanyar fita, ta dinga bugun kwando har gashi na tashi. Gwaggo ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi. Na mayar. Na ɗauko abin awo: yatsunta biyu santimita 3 da rabi ne. Kejin da ake sayarwa a Turai ramukansa ba su cika wuce santimita 4 ba. Wato abin da injiniyoyinsu suka zauna suka fitar, yana nan a hannun Gwaggo tare da zoben azurfarta. Abu na biyu da na koya da kaina: murfin ya zauna a tsakiya, taƙi guda daga baki ta kowane gefe, in ba haka ba hasbiya ta miƙa wuya ta yi ta ɗiba daga waje.

Inda muka yi sa-in-sa da ita ɗaya ne. Ta ce, "To su waɗancan ba bayin Allah ba ne? Ka ba wani sadaka ka hana wani yana kallo?" Na ce Gwaggo ai su suna da ƙarfin zuwa kogi, har gonakin shinkafar Saga suna iya kaiwa. Ta ce ƙishirwa ba ta san ƙarfi ba. Ita ta yi nasara. Yanzu can ƙuryar gida wajen bayan madafa akwai tsohuwar tasa da ruwa, da ɗan dintsin dawa kowace safiya. Dawa ta yi wa ƙananan girma, manyan kuma in sun samu nasu sun rage zarya. Kuma rabuwar tana da wani amfani da Gwaggo ba ta sani ba. Akwai wata cuta ta maƙogwaro da masu kiwon tantabara suka sani, wadda ke sa farin abu kamar cuku a bakin tsuntsu ya kasa haɗiya. A Ingila tun 2005 ta tsallaka zuwa ƙananan tsuntsayen lambu ta wurin ci da sha ɗaya, ta yi wa wani koren tsuntsunsu ɓarnar da ta sa a 2021 aka saka shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Saboda haka kullum da magariba nakan zubar da ruwan, in wanke kasko, in kife shi ya bushe, in ɗauke ragowar tsaki kada ɓera ya saba.

Kwandon bai ga ƙarshen damina ba, gara da ruwan Agusta suka gama da shi. Na nufi kasuwar Katako, wajen masu walda, inda ake mai da kowane mataccen ƙarfe abin amfani. Na yi wa wani bayani: keji nake so, zagayayye, ba ƙasa, ba ƙofa, sanduna a tsaye.

"Malam, ba ƙofa? To ta ina za ka sa tsuntsun?"

"Shi zai shiga da kansa."

"In ya shiga fa?"

"Ya fita."

Ya ajiye abin waldarsa ya dube ni da kyau, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Da na ce tazarar yatsu biyu, ya ɗaga nasa, kowane ɗaya kamar taɓarya, na ce a'a, tsaya! Na yanko ɗan katako daidai awon Gwaggo na ba shi. Ya yi rufin da ragar tsohuwar fanka. Jikka uku, har da fenti. Ya ma fi kwandon, don suna ganin ko'ina, in kyanwa ta taso su watse ta kowane gefe, ita kuma hannunta ba ya kaiwa tsakiya. Ƙadangare dai yana shiga, na haƙura da shi.

To ga abin da ya hana ni barci har na tashi rubutun nan. Tun watan Oktoba nake ganin wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, farin baki, jajayen ƙafafu, girmansa kusan ɗaya da baiwar Allah, yana wucewa tsakanin sandunan ba ko gogar gashi. In ya hau wayar wuta ya yi ta ƴan ƙarace-ƙaracensa, sai kuma ka ji kukan baiwar Allah sak daga bakinsa. Na bincika. Jama'a! Wannan ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Matarsa ce ke faki ido ta saka ƙwanta cikin na baiwar Allah, yawanci ba ta fasa ko ɗaya, ƙari kawai take yi ta tafi. Ɗan da za a ƙyanƙyashe har ɗigogin cikin bakinsa irin na ƴaƴan gidan ne, don haka uwar riƙo ba ta ganewa, ta yi ta ɗura masa. Wani masani na Jami'ar Mishigan, Robert Payne, ya nuna cewa kukan ma a gidan riƙo suke koyonsa: namiji ya girma yana rera na wanda ya rene shi, mace ta girma tana neman mai wannan kukan, ta kuma koma irin sheƙar da ta tashi a ciki ta yi ƙwai. Wata guda ina yaƙi da masu satar tsaki, ashe mai kawo ɗansa a yi masa reno kyauta ta ƙofar Gwaggo yake bi, daidai jikinsa.

Jiya da hantsi ma'auratan da ke sheƙa a ramin bulon bayan madafa suka fito da ƴaƴansu, suka kawo su har cikin kejin. Huɗu ne, duk ruwan ƙasa, duk suna karkaɗa kai suna roƙo. Na kwanta rub da ciki a ƙasa, maiɗakina na cewa Malam mutane za su shigo, na ƙirga gindin wutsiya: ja, ja, ja. Na huɗun babu ja ko ɗis. Kuma shi uban ya fara ba.