Daga Jos Zuwa Mararrabar Jama'a A Kan Keke: Tsere Da Agogo

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ba lalle sai mai nisa ba. Akwai hanyar da mutum zai bi sau ɗari, kullum ta koya masa sabon abu game da ƙasa da kuma game da jikinsa. Irin wannan ce hanyar da ta tashi daga Jos, ta ratsa Bukur da Kuru har Mararrabar Jama'a, ga wanda ya mai da ita fagen horonsa a kan keken tsere, ba shi da abokin tafiya sai agogo.

Garin Jos yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da bakin teku, saboda haka sanyin safiya yakan shiga har ƙashi. Duk da haka, mai son auna gudunsa tilas ya fito da zarar gari ya waye, kafin motocin haya da manyan tankoki su cika titi. Daga Taminus ake fara ƙidaya, watau unguwar da ta samo sunanta daga ƙarshen layin dogon da ya iso daga Kafancan a 1927. Wanda yake cikin mota zai rantse hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, alhali kuwa hawa take yi sannu a hankali zuwa kudu. Ido ba ya ganin wannan hawa, amma kafin a wuce Dadin Kowa cinya ta riga ta ba da labari.

Bukur tana da nisan kimanin kilomita 15 daga Jos, kuma kuza ce ta raya ta. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa wannan ƙasa da haƙa, har aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya a 1914 domin kwasar kuzar, aka rufe shi a 1957. Kamfanonin sun tafi, sun bar tuddan jar ƙasa da kududdufai masu zurfi, waɗanda ruwansu yake kwance lumui kamar ba ya cin mutum. Su kuwa waɗannan alamu, da gadoji da mararrabu, su ne ma'aunin mahayi, gama ya san minti nawa ya kamata ya ci kafin ya iso kowace ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya ci kilomita 15 cikin minti 36, gudunsa kilomita 25 ne a sa'a. In ya sauko da shi zuwa minti 30, ya kai 30 ke nan. Mai karatu zai ce, ai minti shida ba wani abu ba ne. To, a nan gizo yake saƙa. Babban abokin gābar mai keke iska ce, kuma ƙarfin da ake buƙata a keta ta yana ninkuwa fiye da yadda gudun yake ƙaruwa. Daga 25 zuwa 30, ƙarfin yakan ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100. Shi ya sa minti shidan nan kan ci wa mutum watanni, shi ya sa kuma gwanaye ke sunkuyawa bisa kan keke, su matse gwiwar hannu.

Tsaunin Filato yana ba mahayi da hannun dama, ya karɓe da na hagu. Iskar wurin ba ta kai ta bakin teku kauri ba, bambancin ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma, don haka keke ya fi sulalewa, amma baƙo yakan ji numfashinsa yana gazawa a wurin hawa. Neman irin wannan iska ce ta kai Eddy Merckx, mutumin Beljiyam, birnin Meziko a 1972, inda ya ci kilomita 49.431 cikin sa'a guda, shi kaɗai a fage, ba abokin karawa sai agogo.

Sa'an nan ga hunturu. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka takan tura mai zuwa Bukur ta baya, har ya ɗauka ya zama gwani. Sai ya juyo gida ta tare shi gaba da gaba, ta karɓe abin da ta ara masa. Don haka mai hankali ba ya yarda da lissafin zuwa kaɗai, sai ya haɗa da na dawowa. Ko a littafi yake rubutawa, ko wata manhaja irin Strava ce take riƙe masa a waya, ƙa'idar ɗaya ce: hanya guda, lokaci guda, a rubuta ranar daɗi, a rubuta ranar wuya.

Bayan Bukur gari yakan buɗe. Ga gonaki da shingayen ƙerana, ga duwatsu an ɗora wani bisa wani kamar da hannu. Ta wannan yanki hanyar Vom take rabuwa, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, a Kuru kuma akwai cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Nan ne mahayi yake samun sarari ya sa babbar giya, ya ga iyakar ƙarfinsa.

A Mararrabar Jama'a hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Barikin Ladi da Pankshin, ɗaya ta bi ta Riyom ta gangara Hawan Kibo zuwa Akwanga. Nan ya kamata mai horo ya juya. Gangaren Kibo yana ba da gudu kyauta, amma gudun da tudu ya bayar ba na mahayi ba ne, ga kuma manyan motoci da kwanoni masu haɗari. Hular kwano, da birki mai kyau, da riga mai haske, sun fi kowane minti da za a rage daraja.

Wanda ya lizimci wannan hanya zai tarar ba wanda zai yi masa tafi, ba kuma wanda zai iya ruɗa sai kansa. Abokin tserensa shi ne shi kansa na jiya, alƙalinsu kuwa agogo, wanda ba ya karɓar toshi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa. Allah ya kiyaye hanya, amin.