Inda muryar rediyo ke zubewa

A Tebaram, cikin jihar Tawa, mai gyaran rediyo ya saba da kukan fatake ranar kasuwa: an sa sababbin duwatsu, amma Muryar Sahel tana nan a shaƙe. Shi kuwa kafin ya buɗe akwatin, mahaɗin eriya yake fara dubawa.

Abin da eriya ke kamowa cikin iska ɗan kaɗan ne, kuma tilas ya ratsa naɗin waya da mahaɗi. Irin wannan wuta bayan jan ƙarfe take bi, ba cikinsa ba. In wayar naɗin ta cika siranta, ko danshin damina ya sa mahaɗin tsatsa, sai wani kaso ya zama ɗumi ya salwanta. Asarar desibel 3, rabin ƙarfin ke nan, kuma sabon dutse ba ya maido shi.

Lamarin ya fi muni a gidan rediyon karkara. Na'ura ta fitar da wat 100, 50 su isa bisa, sauran su ƙare cikin waya. Makiyayin da ke rijiya mai nisa, shi ne ba zai ji cigiyar raƙuminsa ko ranar rigakafin dabbobi ba.