Lambar da ke Jikin Famfo

A 1966 jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wa sababbin motoci rage gurɓataccen hayaƙin da suke fitarwa. Kamfanoni irin su General Motors suka ƙara wa inji wani ɗan famfo mai hura iska cikin bututun hayaƙi, domin ragowar fetur ta ƙarasa ƙonewa. Masu motoci ba su yi maraba da shi ba. Da yawa sun kwance shi sun jefa a bola, wai yana rage wa inji ƙarfi.

Yau masu farfaɗo da tsofaffin Corvette da Camaro nemansa suke ruwa a jallo. Kuma ba kowanne ba, sai wanda lambar masana'anta da ke jikinsa ta nuna an ƙera shi kafin ranar da aka haɗa motar. A wajen gasa, alƙalai har leƙawa suke su karanta ta.

Ni rubuta manhaja ce sana'ata, kuma na san darajar irin wannan alama. In na buɗe tsohon aiki, abin da nake fara dubawa shi ne wa ya taɓa wannan layi, kuma yaushe. Mutumin ya daɗe da barin wurin, amma shaidarsa tana nan.

Shi ya sa ba na tare da masu buga tsohuwar lamba a kan famfon da ba nata ba. Fenti ana sabunta shi, ba laifi. Lamba kuwa shaida ce. Wanda ya buga ta da hannunsa shaidar zur ya yi, kuma mai sayen motar a gaba shi zai biya kuɗin ƙaryar.