Zugazugi a Kan Tsohon Inji

Ƙasar Yauri ƙasar ruwa ce, amma arzikinta a kan taya yake fita. Tun da aka gama datse Kwara a Kainji cikin 1968, ruwa ya hau ya cinye tsibirai da garuruwa, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni, sai tabki ya shimfiɗu tun daga bakin madatsa har Yelwa. Gungawa suka koma gaɓa da noman albasarsu, Sarkawa da sauran masunta suka bazu da taru. To, abin da jirgi ya sauke a bakin ruwan Yelwa ko na Wara, ko bandar kifi ce, ko albasa, ko shinkafa, mota ce za ta kwashe shi, ta bi ta Kontagora zuwa kudu, ko kuwa ta Koko da Jega zuwa Sakkwato. Motocin nan galibinsu tsofaffi ne. Waɗansu sai da suka gama aikinsu a Turai kana suka sauka Kwatano, agogon da ke ƙidaya tafiyarsu ya daɗe da tsayawa, har mai su ba ya iya faɗin iyakar ƙasar da suka ci.

Mota in ta tsufa, direba ne kan fara sani. Hawan da take yi a giya huɗu dā, yanzu sai an komo da ita biyu, tana nishi, waɗanda suka taso bayanta suna wucewa. Albasa kuwa ba ta jira, wanda ya riga isa kasuwa shi ke sayarwa da daraja. A nan ne zancen tobo kan taso. Sai ka ji direba ya ce wa mai mota, “Maigida, ai akwai abin da ake ɗaura wa inji ya koma kamar sabo. Manyan motocin nan da ke wuce mu suna fito, duk shi ne a jikinsu.” Bai yi ƙarya ba wajen manyan motoci. Wajen komawa sabo ne maganar ke da sauran bayani.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin aikin tobo. Gawayi shi ne dai gawayi, amma da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Haka inji yake. Ba mai kaɗai yake ci ba, abin da ya fi ci iska ce: kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone sarai, sai inji ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Ƙarfinsa yana tsayawa ne inda shaƙarsa ta tsaya. Tobo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da zai fita ta salansa a banza shi ke kaɗa ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta riƙa cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, wuta ta ƙaru. Sandan nan yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, alhali injin kansa a kan hanya bai cika wuce 3,000 ba, kuma ba abin da ke tsakaninsa da ƙarfen da yake kwance a kai sai ɗan siririn baƙin mai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistarta cikin 1905, amma sai 1925 aka ga amfaninta sosai, a injin waɗansu jiragen ruwa biyu na Jamus. Ta shiga manyan motoci a 1938. Da kamfanin Oldsmobile na Amurka ya sa ta a ƙaramar motar fetur cikin 1962, fitinarta ta yi yawa, bayan shekara biyu ya daina yin motar. Abin lura ke nan: masu ƙera inji da kansu, da sababbin ƙarafa da ɗakunan gwaji, sai da abin ya fara kā da su.

Dalili kuwa shi ne, tobo ba ya kawo ƙarfi daga waje, daga jikin inji yake tatsar sa. Duk wutar da ta ƙaru, a kan fistin za ta sauka, ta bi ta zoben fistin, ta bi ta sandan da ke haɗa shi da babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasa, ta danne gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Injin da aka ƙera don tobo tun asali an shirya shi: fistinsa ya fi kauri, an rage matsin da yake yi wa iska, sau da yawa har da ƴan bututu masu fesa masa baƙin mai daga ƙasa don ya huce. Tsohon injin da ba a yi shi don haka ba, ba shi da ko ɗaya, ga kuma ciwon shekaru. Zobensa ya side, bangon da fistin ke gogawa ya yi faɗi, famfon baƙin mai ya yi sanyi. Yana tafiya ne da lallami, shi da direbansa sun san juna. Ranar da aka ƙara masa rabin iskar da ya saba shaƙa, inda ke yoyo kaɗan sai ya ɓalle. Hayaƙi ya kutsa ƙasa ya tura baƙin mai waje, ko gasket ya ƙone ruwa ya gauraya da mai, ko kuwa, in injin fetur ne, wuta ta riƙa tashi kafin lokacinta, a ji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarar nan in ta daɗe, fistin ne ke narkewa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Injin gas, watau dizal, ya fi haƙuri da wannan aiki, gama da kauri ake yin sa, kuma ba ya irin wannan ƙwanƙwasa. Shi ya sa manyan motocin da direba ke gani suna wuce shi suka zo da tobo tun daga masana'anta. Amma ko shi, in ya tsufa, hukuncin ɗaya ne.

Sa'an nan ga halin ƙasar kanta. Inda tobo ya fi rana shi ne kan tudu, kamar Jos, wadda ta ɗara teku da mita wajen 1,200, iskarta ba ta da kauri, har inji kan rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Tabkin Kainji kuwa bai fi mita 140 da ƴan kai ba, saboda haka motar da ta kasa a hanyar Shanga ko Ngaski ba iska ta rasa ba, lafiya ta rasa. Abin da Yauri ke da shi a yalwace zafi ne da ƙura. Iskar da aka matsa zafi take yi, in kuma aka matsa ta da tsakar rana cikin bazara, daidai lokacin da albasa ke fita, lalle sai an ƙara wani ƙaramin lagireto na sanyaya ta, kuma a tabbata babban ba ya yoyo. Ƙurar hunturu, in matatar iska ta huje, cin fuka-fukin fankar take yi kamar an sa magagari. Ga baƙin man da ake awo a gefen hanya, wanda ba a san asalinsa ba, ga fetur na kwalba. Tsohon inji ya saba da su yana haɗiyewa, tobo ba ya yafe ko ɗaya. Mai tsammanin zai rage shan mai, tun ba yadda fetur ya yi tsada daga 2023 ba, shi ma ya sake lissafi, domin ƙafar da ta ɗanɗani sabon ƙarfi ba ta cika ɗagawa daga totur ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Inji ba shi kaɗai ne mota ba. Kuloci da giya da birki da taya duk an auna su ne da ƙarfin farko, sun kuma tsufa tare da shi. In mota ta sami ƙarfin ja, abin da kan biyo baya ƙarin buhu ne, ba ragi ba, birkin kuwa na jiya ne. Mutanen Ngaski sun san abin da lodi ke yi wa tsohon jiki. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara da mutum fiye da 150 ya nutse a hanya, kaɗan ne suka tsira, hukuma ta ce tsohon jirgi ne, an kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu.

Ba a ce abin ba ya yiwuwa ba. Bakanike na ƙwarai, in aka kawo masa wannan magana, ba ya fara kwance komai sai ya tambayi injin. Zai ta da shi, ya buɗe marfin baƙin mai ya ga ko hayaƙi na bugowa. Zai duba salansa: shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri ruwa ne. Zai cire fulogi ya sa ma'auni a kowane rami, in ɗaya ya kasa ƴan'uwansa da fiye da kashi ɗaya cikin goma, magana ta ƙare. A nan yakan ce, “Alhaji, a fara yi masa zobe da gasket, a wanke lagireto, a ga yadda zai yi.” Sau da yawa ƙarfin da ake nema a kasuwa a nan yake dawowa, da kuɗin da bai kai na tobo da bututunsa da aikin ɗaurinsa ba. Wanda kuma lalle tobo yake so, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi injin da aka haifa da shi, irin na Beljiyam, a sauke tsohon a ɗora wannan, a gyara birki ya dace da shi.

Shi ma wannan yana da ladabinsa, sai an koya wa direba. Da asuba ba a taka shi sai baƙin mai ya zaga. Juyen mai ba a jiran ya yi baƙi ƙirin, kuma na gwangwani a rufe ake saye. In an iso tashar Yelwa bayan doguwar tafiya, fankar tana nan da zafin da ya kusa sa ta ja, in aka kashe nan take man da ke kan sanda zai soye ya daskare. Sai a bar inji yana numfashi minti ɗaya ko biyu, yaran mota suna kwance igiya, kana a murɗa makulli.