Ranar da burki ya nutse min a hanyar Rogo

1/ Hutun da ya wuce na ɗauko Umma daga Karaye, za mu biki Rogo. Akuya ta faɗo titi, na taka burki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Sai da na tattaka sau uku ya kama. Umma salati kawai take.

2/ Abin kunyar, sati guda ina jin burkin ya yi laushi, na share.

3/ Bakanike ya ce, "Samari, ƙafarka ta gaya maka, ka ƙi ji." Wai in ya yi laushi kamar soso, iska ce a layin mai. In ka danne yana nutsewa a hankali, yoyo ne ko robar masta. In ya ƙame kamar dutse, busta ce.

4/ Namu tiyo ne ya tsage, mai ya zube, iska ta shiga. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, ita ta shanye takun.

5/ Yanzu kafin na fita sai na danne burki na saurari ƙafata. Kai ma gwada naka yau.