Ƙaramin Goro: Abin Da Na Jiyo A Illo

A ƙarshen kakar da ta wuce, hidimar bikin wani ɗan'uwa ta kai ni Illo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Da sassafe muka taso daga Birnin Kebbi, muka bi ta Bagudo, muka haye Kogin Kwara, muka ratsa fadamun da aka riga aka yanke shinkafarsu. Garin yana dab da iyakar Jamhuriyar Benin, don haka a kasuwa kunnenka zai ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, kuma idonka zai ga naira da sefa a hannu ɗaya.

Wanda ya ga Illo a yau ba lalle ya gane matsayin da take da shi a da ba. Tsohon gari ne na ƙasar Bargu, kuma yana cikin mashigan da fataken goro suke bi su ƙetare Kwara a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu a yarjejeniyar 1898, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila, Nikki kuwa ta tafi ɓangaren Faransa. Garin da yake tsakiyar hanya sai ya koma bakin iyaka, aka rage ambatonsa.

Daren da na isa, na zauna a teburin wani mai shayi. Samari sun yi cincirindo a kan wayar ɗayansu suna kallon damben Anthony Joshua, ana ta musu a kan ƙarfin naushinsa. A gefen benci akwai wani dattijo ɗan firit, wanda in ya miƙe da ƙyar zai kai kafaɗata. Ya saurare su har suka gaji, sa'an nan ya ce, "Ku yara ba ku san kowa ba sai ƙatti." Suka yi dariya, suka koma kan wayarsu. Ni kuwa na matsa kusa, na gaishe shi, na ce, "Baba, su wa ya kamata mu sani?"

Ya ce tun yana saurayi ya bi sawun iyayensa zuwa Gana ci-rani, ya zauna a zangon Hausawa a Ankara. A gida ya saba da damben gargajiya na zare da kalangu, a can ne ya fara sa safar damben zamani. Abin da ya fi burge shi, in ji shi, shi ne sikeli. A dambenmu na da ba a auna kowa, ƙarami yana iya faɗawa hannun wanda ya ninka shi. A can kuwa sai a haɗa ka da tsaranka. Shi a ajin da Turawa suka laƙaba wa sunan ƙuda ya yi wasa, wato waɗanda ba su wuce kilo 50.8 ba. Na sama da shi ajin ɗan zakara ne, kilo 53.5. Ya nuna mini buhunan shinkafar da aka jera a ƙofar wani shago, ya ce, "Ɗana, nauyina ke nan a lokacin, buhu ɗaya." Bai kai ko'ina a damben ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, ya dawo gida ya kama noma.

Gwarzonsa shi ne Sulley Shittu, ɗan Gana da ya ci zinariya a ajin ƙuda a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Kingston a 1966, ya sake cin wata a ajin ɗan zakara a Edinburgh a 1970. A Kingston ɗin nan, wanda ya ɗauki zinariyar ajin ɗan zakara ɗan Nijeriya ne, Eddie Ndukwu. Na yi shekaru ina bin labarin wasanni, amma a daren nan sai na ji kunya, domin sunan Ndukwu kawai na taɓa ji, ban san abin da ya yi ba. Mun riƙe Hogan Bassey, wanda ya zama zakaran duniya a Paris a 1957, mun riƙe Dick Tiger da karawarsa da Gene Fullmer a Ibadan a 1963. Waɗanda suke ƙasa da su a sikeli sun sulale daga bakinmu.

Da na dawo gida na bi diddigi, sai na tarar mantuwar ba a kanmu ta fara ba. Panama Al Brown ya zama zakaran duniya na ajin ɗan zakara a 1929, shi ne na farko daga ƙasashen Latin Amurka da ya riƙe kambun duniya, amma cikin talauci da tarin fuka ya mutu a New York a 1951. Young Perez, Bayahude ɗan Tunisiya, ya ci kambun ajin ƙuda a Paris a 1931 yana ɗan shekara 20, 'yan Nazi suka kai shi sansanin Auschwitz, aka kashe shi a Janairun 1945. Jake Tuli na Afirka ta Kudu ya je Ingila a 1952 ya doke Teddy Gardner, ya karɓe kambun daular Biritaniya na ajin ƙuda, a zamanin da dokar ƙasarsa ta hana baƙi karawa da farare. Dalilin mantuwar a fili yake. 'Yan kallo sun fi son ganin ƙato ya faɗi, kuɗi suna bin 'yan kallo, 'yan jarida kuma suna bin kuɗi. Ƙaramin ɗan dambe ya fi zafin nama da dabara, amma ladansa kaɗan ne, kuma da ya ajiye safa labarinsa ya ƙare.

Mu Hausawa muna da tamu hanyar adana suna, wato bakin mawaƙi. Shago yana raye a zukatan mutanen da ba su taɓa ganinsa ba saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Amma ɗan damben ƙauyen da bai samu makaɗi ba, ko da ya shekara goma yana kisa a fagen kaka, sunansa yana tafiya ne tare da tsaransa. Dattijon Illo ya lissafa mini irinsu huɗu ko biyar daga garuruwan bakin kogi, dukansu ƙanana ne a jiki, kuma babu ko ɗaya da ya rage a raye. Ya ce shi kaɗai ya saura da ya ga wasansu.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mutanen bakin iyaka suna da damuwar da ta fi wannan. Ban musa ba. Sai dai yaron da aka haifa siriri a Illo ko Lolo ko Tsamiya, in bai taɓa jin cewa mai nauyin buhu ɗaya ya ɗaga tutar ƙasa a idon duniya ba, zai tashi yana ganin fagen na wasu ne. Aikin kuma ba mai tsada ba ne. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna neman batun kundin kammala karatu kowace shekara, kuma kusan kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya. Mako guda a garuruwan Bagudo ya isa a tattara sunaye da kirari da labarin karawa, kafin masu riƙe da su su tafi.

Ni ma ban fita daga laifin ba. Na zauna da Baba fiye da sa'a biyu, wayata tana aljihu, ban ɗauki muryarsa ba, kuma daga sunayen da ya lissafa biyu kawai na riƙe. Da za mu rabu ya ciro goro daga aljihunsa ya ba ni rabi, ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Na yi masa alkawarin dawowa kafin ruwa ya sauka, da littafi da alƙalami. Allah Ya sa in same shi.