Maganin Da Aka Sha A Gida Yakan Bi Mutum Asibiti

Mu malaman makaranta mun saba da wata amsa. In yaro ya yi fashi kwana biyu muka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, mura na yi, amma an ba ni kafso." Daga Anka har Bukkuyum da Gummi, da wuya a sami gidan da ba a ajiye ja-da-yalo, ko Ampiclox, ko Septrin a gwangwani ba. Ba mu ga laifin iyaye ba. Asibiti da nisa, hanya ba lafiya, kuɗi kuwa babu, ga kemis a bakin kasuwa. Duk da haka akwai abin da ya kamata kowane gida ya sani.

Waɗannan magunguna, da ake kira antibayotik, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta ne irin na bakteriya. Ba sa taɓa mura ko kaɗan, gama wata irin ƙwaya ce dabam ke kawo ta. Ba sa kuma warkar da zazzaɓin cizon sauro. Amma ko an sha su a banza, ba a banza suke wucewa ba.

Ku tuna da gona. In manomi ya yi noma sama-sama, ciyawa mai laushi ta mutu, ƙiri-ƙiri kuwa yana nan da saiwarsa. Yanzu ba mai yi masa kishiya, sai ya cinye gonar. Haka yake a jikin mutum. A hanjinmu da fatarmu akwai ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, galibinsu ba sa cutarwa, waɗansu ma amfani suke yi mana. Duk sa'ad da aka sha kafso, masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura, su sami fili. Waɗansunsu cikin minti 20 ɗaya takan zama biyu. Mutum yana yawo lafiya lau, bai san yana ɗauke da su ba, har watanni.

Ranar da ciwo mai tsanani ya kai shi asibiti, ran nan ne abin yake fitowa. Jiki ya raunana, ga allurar ƙarin ruwa a jijiya, ko miki, ko wurin tiyata. Ta nan ƙwayoyin nan suke samun ƙofa zuwa cikin jini. Likita ya ba da maganin da aka saba, ya ƙi ci. Na biyun ya fi tsada, wani lokaci ma sai an nemo shi daga Gusau ko Sakkwato. Kafin nan kwanaki sun wuce, ƙaramin yaro kuwa ba shi da ƙarfin jira. Ƙwayoyin kuma sukan bi hannun da ba a wanke ba, su kai ga na gadon kusa, wanda bai taɓa shan kafson ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta zo a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta yi shekaru tana jinyar yara a Babban Asibitin Anka. A 2021 likitocinta suka buga rahoto a kan yaran da aka kawo da cuta a jini. Sun tarar da yawa daga ƙwayoyin ba sa jin magani iri-iri, yara da dama kuma suka rasu. A duniya duka, an ƙiyasta irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in an bi yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, tun 1945 ya yi kashedi cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin jurewa.

To, 'yan'uwa, me ya rage gare mu? Kada a ba yaro kafso sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. In zazzaɓi ne, a fara gwajin jini. In an rubuta magani, a sha daidai adadi da kwanakin da aka faɗa, kada a raba da maƙwabci, kada a ajiye saura domin gobe. Jariri sabon haihuwa mai lafiya ba ya bukatar a ɗiga masa Ampiclox. A kai yara rigakafi, gama yaron da bai kamu ba, ba ya bukatar magani.

In kuwa an riga an ba da wani abu a gida, kada a ɓoye don tsoron faɗa. Uwa ta ɗaure kwalin ko kwalbar a bakin zane, ta nuna wa likita, ta faɗi yawan kwanakin da aka sha. Wannan magana kaɗai tana iya sa ya zaɓi maganin da zai ci tun ranar farko. Mai zaman jinya kuma ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa majiyyaci, da kuma bayan ya taɓa shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.